Ranar da Na'ura Ta Nemi Gafiya a Kadawa

Ko da tsufa zai kai ni in riƙa kiran jikokina da sunan juna, ba zan taɓa mantawa da ranar da na'ura ta tona mini asiri a Kadawa ba. Kuma tun kafin mu yi nisa bari in faɗa, ba ni kaɗai ne mai laifi ba. Na yarda ina da nawa, amma in za a raba abin nan tsakani da Allah, kasona bai fi cikin cokali ba. Sauran na Injiniya ne, da Kawuna, da wannan hali namu na cewa dole babba ya shiga gaba ko da rijiya za a faɗa.

A ƙarshen shekarun saba'in ne. Ina saurayi, na gama makarantar koyon fasaha, aka ɗauke ni aiki a wani ofishin raba ruwan noman rani kusa da Kadawa. Wasu Turawa da suka zo auna kanal-kanal ɗin yankin, wato hanyoyin ruwan, sun kawo kwamfuta, ƙatuwa, ta fi ni tsawo, aka ware mata ɗaki ita kaɗai da na'urar sanyi da janareta. (Mu 'yan Adam kuwa muna ofishin gaba muna fifita da bangon fayil.) Ba ta da allon kallo irin na yanzu. Tafireta ce a jikinta: ka buga mata magana, ta buga maka amsa a kan doguwar takarda, da ƙara kamar ana zuba tsakuwa a kwano. Baturen da ya zo da ita, wanda muke ce wa Mai Lofe, ya koya mana ni da abokin aikina Bitrus, mutumin Filato, sannan ya tattara ya koma ƙasarsu, ya bar mu da ita da wani littafin bayani mai kauri.

Daga nan fa kaina ya kumbura. In na je gida Bunkure ranar kasuwa, sai in jera birori a aljihun gaba, in riƙa amsa gaisuwa da hanci. Aka tambaye ni aikin me nake yi, sai in yi murmushi in ce, "Ko na faɗa ba za ku gane ba." Allah Ya yafe mini.

To ga abin da ke ƙasa. Kawu Sale, wan mahaifiyata, shi ya riƙe ni har na yi karatu, kuma gonar tumatirinsa tana can wutsiyar kanal, wajen Bunkure. Duk wanda ya yi noman rani ya san baƙin cikin wutsiyar kanal. Na sama su sha su ƙoshi, kai sai ɗan laka-laka ya iso maka, shi ma sai ka yi sa'a. A can sama kuwa, daf da babbar ƙofar ruwa, akwai wata gona koriya shar, wadda aka ce ta ƙanin Injiniya ce, amma har awakin garin sun san mai ita. Injiniya shi ne shugabanmu, kuma shi yake rubuta jadawalin ruwa da hannunsa. Manoma suka laƙaba masa suna Gafiya, saboda gafiya ce ke huda gaɓar kanal ruwa ya zurare ba a san ta inda ya bi ba. Kowa yana faɗa, ba wanda ya taɓa faɗa a gabansa.

Da ƙorafi ya yi yawa har ya kai Kano, sai aka aiko cewa wani babban jami'i zai zo ya ga jadawalin da kwamfuta za ta fitar. In ya gamsu, ya sa hannu, a fara aiki da shi a makon. A lokacin tumatirin Kawu ya fara fure, ganyen ya fara langaɓewa. Na buga ƙirji na ce masa, "Kawu, kwantar da hankalinka. Na'ura ba ta san ƙanin kowa ba." Ya ce, "Allah Ya sa, ɗan nan, don in ruwan nan bai zo ba, bana sai dai a yi labari."

Yanzu sai ku yi haƙuri in ɗan yi muku malanta, in ba haka ba ba za ku gane girman wautar ba.

Ba mutum ɗaya ke rubuta wa kwamfuta babban aiki irin wannan na fitar da jadawali ba. Kowa ya rubuta guntunsa, na'ura ta juya shi zuwa yarenta, ya zama ɗan fayil da ido ba ya iya karantawa. Akwai umarni mai suna ar, shi ne buhun da ake zuba guntayen nan a jere, wani bayan wani. Akwai ld, ita ce ke haɗa guntayen su zama aiki ɗaya mai tafiya. Akwai nm, da ke karanto sunayen da ke ɓoye cikin kowane guntu. Akwai kuma strip, wanzami ke nan, in an gama komai ya aske sunayen tas. Duk cikinsu ld ce mai taurin kai. Tana shiga buhu kamar mai cefanen da ta rantse ba ta komawa baya a layin kasuwa: abin da aka riga aka aike ta shi take ɗauka, abin da ba a ambata ba tukuna ta wuce shi, ko da daga baya za a ce ana so. Saboda haka mai nema shi ke gaba, wanda ake nema ya biyo baya. Guntuna yana neman na Bitrus, na Bitrus yana neman na Injiniya. Ka ga ke nan na Injiniya can ƙarshe ya dace, ba don raini ba, don shi ne kowa ke dogaro da shi.

E, Injiniya ma yana da guntu. Lissafin yawan ruwan da ke wucewa ta ƙofa ne, kuma in faɗi gaskiya lissafi ne mai kyau, mutumin ya san aikinsa. Sai dai bai taɓa taɓa tafiretar nan ba. A bayan ambulan ya rubuto ya wurgo mini, ya ce, "Kai yaro, buga wannan." Na buga. Fayil ɗin na sa masa suna injiniya, da ladabi. Amma lissafin da ke ciki shi ma yana buƙatar suna, gajere, don na'urar ba ta ɗaukar dogon suna. Na zauna ina tunani, Shaiɗan ya zo ya zauna kusa da ni, yatsuna suka buga gafiya.

Bitrus ya leƙo ya gani, ya kama baki. "Kai! In ya gani fa?"

Na ce, "Ta ina? Sai wanda ya buga nm, Injiniya kuwa ko kunna fitilar ɗakin nan bai iya ba. In mun gama, strip ya aske komai, shi ke nan."

Bitrus ya ce, "To, ni dai babu ruwana." Ya koma kujerarsa yana girgiza kai. Muka haɗa aiki, muka gwada, ya tafi sumul. Jadawalin da ya fito har na ga ranar ruwan Kawu a ciki, na ji kamar in yi guɗa.

Ranar zuwan baƙo da safe, Injiniya ya shigo ɗakin kwamfuta da babbar riga da ƙamshin turare, ya ce in nuna masa abin da za a nuna. Garin neman suna, sai na buga ar ta jero masa abin da ke cikin buhu, don ya ga sunansa ya ji daɗi. Takarda ta fito: nawa a sama, na Bitrus, sannan injiniya can ƙasa. Ya ɗaga tabarau ya sake dubawa.

"Wane ne ya jera wannan?"

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"Kai ne a sama."

"Ranka ya daɗe, ba wai girma ba ne, ita na'urar ce take—"

"Ni ne a ƙasa. Ƙarƙashin Bitrus." Ya juya ya dubi Bitrus, wanda ya duƙufa yana goge teburin da ba shi da ƙura. "Ina aikin ruwa tun kana yawo ba wando, yau ka zo ka sa ni a bayanka a takardar da manya za su gani? Haka aka koya maka a gidanku?"

Na yi ƙoƙari, wallahi na yi. Na fara bayanin mai cefane. Ya daka mini tsawa, "Kasuwa ka mai da ofishina? Mai da ni sama! Ku kuma ku jera kanku yadda kuka ga dama."

Ku faɗa mini, ya zan yi? Yaro ne ni, ko shekara ban cika a aiki ba. Na ce a raina, ai haɗaɗɗen aikin yana nan a ajiye, kalma ɗaya zan buga ya fitar da jadawali, ba sai an sake haɗawa ba. Buhu dai buhu ne, bari ya samu abin da yake so, in baƙi sun tafi in mayar. Na umarci ar ta ɗauko guntunsa ta kai gaba. Ya karɓi sabuwar takarda, ya ga injiniya a sama, ya gyaɗa kai kamar an naɗa shi sarauta, ya fita.

Da hantsi Landiroba ta tsaya. Babban jami'in ya sauko, dogo, mai furfura a gemu, ba ya yawan magana. Aka shigo da dattawan manoma su shaida, har da Kawu Sale da rigarsa ta Juma'a. Suka tuɓe takalma a bakin ƙofa kamar za su shiga masallaci, suka tsaya a jikin bango suna rawar sanyi. Kawu ya dube ni, ya dubi na'urar, ya sake dubana, na ga alfahari ƙarara a idonsa.

Baƙon ya ce, "To samari, nuna mana yadda take aiki."

Nan ne kasona na cikin cokali ya shigo. Kalma ɗaya fa, jama'a! Kalma ɗaya zan buga, jadawali ya fito, a sa hannu, kowa ya kama gabansa. Amma sai na ga kalma ɗaya ta yi kaɗan ga mutum mai birori a aljihu. Ina so Kawu ya ga yatsuna suna rawa. Ina so baƙo ya tambayi sunana. Na gyara zama, na ce, "Ranka ya daɗe, bari in haɗa shi tun daga tushe a gabanku, don kada a ce an yi wani ƙulli." Bitrus ya yi tari. Ya sake yin tari. Ya taka mini ƙafa ta ƙarƙashin tebur. (Ni a lokacin na ɗauka hassada ce.) Na manta shaf da abin da aka yi da safe, na buga ld da ƙarfi har da ɗaga hannu sama.

Ita kuwa ld, in ta tashi haɗa sabo, a kan tsohon take ɗorawa. Wato kafin in sauke hannun nan, lafiyayyen aikina ya riga ya tafi.

Tafireta ta yi ƙara kaɗan ta tsaya. Layi biyu kacal. Kafin in miƙa wuya in gani, Injiniya ya riga ya yage takardar, bai ko duba ba, ya rusuna ya miƙa wa baƙo da hannu biyu. "Ga shi, ranka ya daɗe. Aikin da muka daɗe muna yi ke nan."

Baƙon ya nisanta takardar da idonsa, ya karanta a fili, a hankali, "Undefined." Ya ɗan tsaya. "Gafiya."

Ɗakin nan mai sanyi, amma na ji gumi yana bin bayana har cikin wando.

Ya dube ni. "Me take nufi?"

Na ce, da muryar da ni kaina ban gane ta ba, "Cewa ta yi... ta nemi wani abu ba ta same shi ba, ranka ya daɗe."

"Me ta nema?"

Na dubi Bitrus, ya dubi silin. Na ce, "Gafiya, ranka ya daɗe."

Shiru. Janareta kawai ake ji. Da an bar shirun nan ya wuce, wallahi da na san ƙaryar da zan yi. Da na ce gafiya ce ta gaske, lissafin ɓarnar da take yi wa gaɓar kanal. Ƙaryar har ta zo bakina. Sai na ji muryar Kawu Sale daga jikin bango, cike da mamaki na tsakani da Allah:

"Ikon Allah! Ba ta gan shi ba? Ai ga shi nan a tsaye kusa da ita!"

Wayyo. Dattawan nan da suka shigo kamar masu zuwa ta'aziyya suka fashe gaba ɗaya. Wani goron bakinsa ya yi tsalle ya faɗa kan tebur. Wani ya durƙushe yana dukan cinya yana salati. Direban baƙo da ke leƙe ta ƙofa ya ruga waje riƙe da ciki. Injiniya ya tsaya, bakinsa na buɗewa yana rufewa, jijiyar wuyansa ta miƙe.

Baƙon bai yi dariya ba, ko da yake na ga gemunsa yana motsi. Ya ɗaga hannu aka yi tsit. Ya ce, "Samari, mene ne gafiya a cikin na'urar gwamnati?"

Mai hankali da sai ya yi shiru. Ni kuwa na ga dama ta zo in wanke kaina da ilimi. Na ce, "Ranka ya daɗe, sunan guntun Injiniya ne. An sa shi a gaba ne, to da ta zo kansa ba wanda yake buƙatarsa, sai ta wuce shi. Shi ba shi da amfani a gaba. Wurinsa can ƙarshe ne."

Sai da maganar ta fita na ji ta. Dattawa suka sake ɓarkewa, wannan karon har da Bitrus, munafuki, wanda ya ce babu ruwansa.

Na roƙa. Na ce a ba ni ɗan lokacin da mutum zai sha ruwa, in mai da shi baya in sake haɗawa, jadawali zai fito yanzun nan. Gaskiya ce kuma. Amma ku duba abin da nake roƙo: a gaban manoma, a gaban direba, babban jami'i ya ba yaro izini ya ɗauke Injiniya daga gaba ya kai shi baya. Baƙon ya dubi Injiniya, sa'ansa ne, wataƙila ma tare suka yi makaranta. Ya ninke takardar ya sa a aljihu. Ya ce, "Na ga na'urar nan ba ta nuna ba tukuna. A ci gaba da tsohon jadawali." Ya sa takalmansa ya fita.

Wannan shi ne abin da har yau in na tuna nake jin zuciyata tana tafasa. Ba ta nuna ba! Na'urar da ta faɗi gaskiya tsirara! Mutum ya taso tun daga Kano saboda kukan manoma, ya zo ya tarar da magani saura taku ɗaya, ya bar shi don kada ran babba ya ɓaci. Ƙurar Landiroba ba ta kwanta ba na mai da guntun wurinsa, na buga ld, ta haɗa lafiya lau. Jadawali ya fito, dogo, kyakkyawa, ga ranar ruwan Kawu a ciki. Daga ni sai Bitrus a ɗakin, shi ma yana share hawayen dariya.

Washegari Injiniya bai zage ni ba, bai ma dube ni ba. Ya sa aka ba ni keke da sandar awo, aka ce daga yau aikina shi ne auna zurfin ruwa a wutsiyar kanal, wajen Bunkure. Ya aiko a faɗa mini cewa tunda na san wanda ya dace da ƙarshe, in je in riƙe wurin.

Haka na koma garinmu, ba birori. Kullum in tsoma sanda a busasshiyar laka in rubuta babu. Gonar Kawu tana gefen wurin awon, saboda haka a kan idona furen ya kaɗe, ganyen ya murɗe, 'yan ƙwayoyin da suka fito suka ƙanƙance suka yi baƙi. Yara in sun gan ni a kan keke sai su bi ni suna tambaya ko an samu gafiyar.

Na daɗe ba na yi wa Kawu magana sai gaisuwa. Ran nan na same shi a tsaye a tsakiyar gonar, ya harɗe hannu a baya. Abin ya ci ni, na ce, "Kawu, don Allah me ya kai ka? Ruwanka yana hannun mutumin nan, ni ina ƙoƙarin ceto ka, ka buɗe baki a gaban kowa!"

Ya tsinko busasshen reshe ya murje shi a tafin hannu. Ya ce, "Ɗan nan, wallahi na yi ƙoƙarin riƙe maganar nan. Na cije leɓe, na karanta abin da na iya. Ta fi ƙarfina." Sai kafaɗunsa suka fara rawa. "Wai ba ta gan shi ba!" Ya yi dariya har ya zauna a kan kunya, hawaye na zuba, ya sa bakin riga yana sharewa. Sai dariyar ta tsaya, hawayen bai tsaya ba. A shekarar sai da ya sayar da bijiminsa na huɗa kafin ya kai damina.

Abin da ya ƙarasa ni kuwa daga baya ya zo. Bitrus ya aro mini littafin Mai Lofe ina karantawa a gindin mangwaro, tunda aikin auna babu ba ya cin lokaci. A nan na gano cewa in ka ambaci buhu sau biyu a layin ld, sai ta shiga ta fita ta sake shiga. Wato da na bar Injiniya a gaba yadda yake so, na ƙara kalma ɗaya, da ta wuce shi a zagayen farko ta ɗauke shi a na biyu, ba wanda zai ji sunan kowa. Na rufe littafin na buga shi a kaina.

Tun daga lokacin, duk sunan da zan sa wa wani abu a cikin na'ura, sai na fara faɗarsa da ƙarfi kamar mai shi yana tsaye a bayana. Abin da ke tafiya lafiya kuma ba na kwance shi don a ga yatsuna. In babba ya ce gaba yake so, ba na yi masa bayanin cefane, sai in ce to ranka ya daɗe, in sa shi a gaba, in ce wa ld ta zaga sau biyu. Da na san haka a ranar, da Injiniya ya ci girmansa, Kawu ya ci tumatirinsa, bijimin nan kuma da ya mutu a gida.